Wasiƙun Tsufan Gwamna Lugga

Duk wanda ya san Kaduna ya san kogi ya raba ta biyu. A arewacin kogi aka ajiye gidan Gwamna da ofisoshin mulki, kudu kuwa aka bar wa jirgin ƙasa da ma'aikatansa, daga baya masaƙu suka zo suka tarar da su. A nan kudu babbar tasha ta ke, inda hanyar da ta taso daga Ikko zuwa Kano ta haɗu da wadda ta fito daga Fatakwal ta Inugu da Kafanchan. Yanzu wurin ya yi sanyi. Masaƙar farko ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe tun 2002, jirgin Abuja kuwa tun 2016 a Rigasa ya ke sauke mutane. Amma a zamanin da mu ke magana, jakar gidan waya da ta fito daga Kano ko Zariya za ta bakin teku, sai ta ƙetare gadar Kaduna ta tsaya a wannan tasha tukuna, kana ta wuce.

Cikin dubban takardun da suka bi wannan hanya akwai waɗansu 'yan kaɗan da mu ke so mu duba. An rubuta su a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin wani saurayi edita a Zariya da wani tsoho tukuf a wani ƙauye na Ingila. Saurayin shi ne Malam Abubakar Imam. Tsohon kuwa shi ne mutumin da ya zaɓi wannan fili na bakin kogi ya ce a gina gari, watau Lord Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga.

Mutanenmu sun san Lugga da bindiga, ba su cika saninsa da alƙalami ba, alhali kuwa a ƙasarsu mawallafi ne sananne. Tun 1893 ya buga littafi mai juzu'i biyu game da yawonsa a Afirka ta Gabas. Da ya zo nan ya tsara wa Razdan-Razdan da Di'o-Di'o littafin umarni wanda suka riƙa bi tamkar karatun allo. Bayan ya bar aiki kuma, a 1922, ya fitar da babban littafinsa The Dual Mandate, inda ya ce Turawa amana biyu suka ɗauka a Afirka, ta mutanen ƙasa da ta sauran duniya, ya kuma bayyana dabararsa ta mulkin jama'a ta hannun sarakunansu. Shekara da shekaru duk Baturen da za a aiko mulki ƙasashen nan sai ya san abin da ke ciki. To, mutumin da littafinsa ya zama abin koyi haka, me zai yi in wani ya rubuto masa daga ƙasar da aka gwada dabarar ya ce ga inda ta ke ciwo? Wannan ita ce tambayar.

Kafin mu kai nan sai mu koma baya, gama ba wannan ce wasiƙa ta farko da Lugga ya samu daga ƙasar Hausa ba. Ran 1 ga Janairu 1900 ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja, ya aika da sanarwa Sakkwato, ba a ba shi amsa ba. A 1901 sojansa suka ci Kwantagora da Bida, ya sake rubuta wa Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda a ke kira Ɗanyen Kasko, ya roƙe shi ya zaɓi wanda za a naɗa a Kwantagora. Nan ma shiru. Sa'an nan Lugga ya ba da labari cewa wajen watan Mayu 1902 wata gajeruwar takarda ta iso masa daga Sarkin Musulmi, mai cewa ba ya yarda wani Bature ya zauna tare da su, kuma ba abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Wannan takarda ita ya riƙe hujja. Kano ta faɗi cikin Fabrairu 1903, Sakkwato cikin Maris, Sarkin Musulmi Attahiru kuwa ya yi shahada a Burmi cikin Yuli.

Abin da ya sa masana suka daɗe suna juya wannan magana shi ne, fassarar Turanci kaɗai ta wanzu, ainihin takardar ta Larabci ba a same ta ba. Wani tsohon Baturen mulki na Arewa, D. J. M. Muffett, ya yi dogon bincike a kanta cikin littafin da ya buga a 1964, ya nuna shakka ƙwarai. Ga shi kuwa waɗansu wasiƙun zamanin ba su ɓace ba, don waɗanda aka samu a gidan Wazirin Sakkwato bayan an ci garin, H. F. Backwell ya fassara su ya buga a 1927, kowa na iya dubawa ya ga yadda sarakuna su ke shawartar juna cikin tsoro da ruɗani. Ko takardar nan gaskiya ce ko an yi mata ƙari wajen fassara, abu guda ya tabbata. Lugga bai iya Larabci ba, Hausarsa kuma ba ta taka kara ta karya ba, saboda haka muryar ƙasar nan ba ta taɓa isa kunnensa ba sai ta bakin tafinta. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Akwai kuma wasiƙu iri na biyu, su ne waɗanda ya riƙa rubuta wa matarsa. Flora Shaw 'yar jarida ce shahararriya, ita ce ta fara ba da shawara cikin jaridar The Times, a Janairu 1897, a kira ƙasar nan Nijeriya. Sun yi aure a 1902, ta biyo shi nan, amma ƙasar ba ta karɓe ta ba, ciwo ya mai da ita gida. Saboda haka sa'ad da ya komo a 1912 don ya haɗa Kudu da Arewa, yawancin zamansu a rabe ya ke, shi kuwa ya riƙa rubuta mata kusan kullum, sau da yawa da tsakar dare bayan ya gama da fayil-fayil. Cikin waɗannan takardu a ke ganin mutumin ba rigar sarauta: mai aiki ba hutu, mai ƙaunar matarsa matuƙa, marar haƙuri da duk wanda ya saɓa masa. A nan ne kuma a ke ganin yadda ya raina 'yan bokon Ikko, lauyoyi da masu jaridu, waɗanda su ma ba su raga masa ba, har suka yi murna a fili da ya tafi. A ganinsa baƙin mutum mai kwat da Turanci ya rabu da jama'arsa, ba shi da bakin yin magana dominsu. Ya so ma ya ɗauke hedkwatar Nijeriya duka daga Ikko ya kawo ta Kaduna, amma bai samu yadda ya ke so ba, sai ta Arewa kaɗai aka kawo daga Zungeru a 1917.

Ya bar Nijeriya a ƙarshen 1918, bai sake komowa ba. Ya zauna a gidansu mai suna Little Parkhurst a ƙauyen Abinger, kudu da London. Ya yi shekara goma sha uku yana zuwa Janiba, cikin kwamitin da ke duba ƙasashen da aka ƙwace wa Jamus da Turkiyya aka ba da riƙo. Tun 1926 ya shugabanci wata cibiya ta nazarin harsuna da al'adun Afirka, inda babban sakatarensa shi ne Hanns Vischer, Ɗan Hausa ɗin nan da ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909. Matarsa ta rasu a 1929, ba su haihu ba. Daga nan sai ya zama shi da teburinsa. Gwamnoni in sun zo hutu su kan biya ta gidansa, malaman jami'a su aiko masa da abin da suka rubuta ya duba, shi kuwa ya zauna yana ba da amsa ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba. Ba shi da sauran iko a hannu, amma ba a cika yanke wata babbar shawara game da Afirka ba tare da an so jin ta bakinsa ba.

To, haka a ke ciki har 1943. A wannan shekara aka gayyaci editoci takwas daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya su je su ga yadda Ingila ta ke fama da yaƙi. Tafiya ce ta kasada, gama jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa suna nan suna farauta cikin teku. Daga Arewa mutum ɗaya ne ya je, Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun kafa ta a Janairu 1939. An haife shi a 1911 a Kagara, ba nisa da Zungeru, watau bayan cin Sakkwato da shekara takwas. Ɗan gidan malamai ne, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina, kuma kafin ya cika shekara talatin ya riga ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Labarin wannan tafiya shi ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A can London abokan tafiyarsa, bisa jagorancin Nnamdi Azikiwe, suka tsara takarda suka miƙa wa Ofishin Mulkin Mallaka cikin Agusta, suna neman a sa ranar da za a ba ƙasashen nan mulkin kansu, cikin shekara goma sha biyar. Malam Abubakar bai sa hannu ba. An zarge shi a kan wannan, har aka ce ɗan amshin shatan Turawa ne. Amma wanda ya duba abin da ya yi a cikin wannan tafiya ɗin dai zai ga zargin bai zauna daidai ba. Ya sadu da Lugga, mai shekara 85, shi kuwa yana da 32, suka yi doguwar magana a kan halin da Arewa ta ke ciki. Maganar ba ta ƙare a zaune ba, ta koma takarda, aka ci gaba da ita ta gidan waya bayan ya komo Zariya.

A nan ya kamata mu dakata. Shekara arba'in da ɗaya bayan takardar Sakkwato, ga wata takarda daga ƙasar Hausa a hannun Lugga, amma wannan karon ba tafinta. Da Turanci aka rubuta ta, harshen mai karɓa, kuma wanda ya rubuta ɗin ya fito ne daga irin makarantar da Turawa suka gina da kansu don 'ya'yan sarakuna da malamai. Ba za a ce masa ɗan Ikko mai kwat ba, da rigarsa da hularsa ya je. Ba za a ce ya rabu da jama'arsa ba, gama ba wanda Hausawa suka fi karantawa a lokacin kamarsa, kuma jaridarsa cike ta ke da wasiƙun masu karatu daga kowane lardi. Duk ƙofofin da Lugga ya saba fita ta cikinsu in ɗan boko ya yi magana, wannan karon a rufe su ke.

Gundarin abin da Malam Abubakar ya kai ƙara shi ne, mulkin En'e ya zama hanya mai ƙofa ɗaya. Razdan ba ya jin kowa sai Sarki, Sarki kuwa ba ya shakkar kowa sai Razdan. Samarin da aka koya wa ilmin zamani an ɗauke su malanta da akawu, amma ba a shawara da su, in kuwa ɗayansu ya buɗe baki sai a ce ba shi da ladabi. Talaka kuma ba shi da wurin kai kuka sai wurin wanda ya ke kukan da shi. Ga ilmi an bar shi baya, har ofisoshin Gwamnati da tashoshin jirgi da gidajen waya na Arewa suka cika da ma'aikata daga Kudu. Wanda ya ga wannan zai gane dalilin ƙin sa hannunsa. Tsoronsa shi ne in Turawa suka tashi a wannan hali, kujerun da suka bari ba ɗan Arewa ne zai hau ba.

Bai ce a rushe sarauta ba, kuma ba halinsa ba ne ya faɗi haka. Amma maganarsa ta taɓa jijiyar littafin Lugga. Gama abin da littafin ya dogara a kai shi ne cewa an bar wa mutane sarautarsu kamar yadda aka same ta. Alhali ba haka ta zauna ba. Kafin zuwan Turawa sarki yana da abin tsoro: malamai su yi masa wa'azi, masu zaɓen sarki su juya masa baya, Sakkwato ta aiko a tuɓe shi, talakawa kuma in zalunci ya ishe su su kwashe kayansu su ƙaura. Da bindigar Bature ta tsaya a bayan gadon sarauta, sai yawancin waɗannan suka mutu, aka wayi gari doka ta ce Sarki shi kaɗai shi ne En'e. Wanda ya ke neman shaida cewa bindigar nan ba ta ado ba ce, ya tuna da Satiru a 1906, inda aka kashe kimanin mutum 2,000 aka shafe garin, bisa umarnin shi wannan tsoho mai amsa wasiƙu. Watau sarautar da Lugga ya ce ya kiyaye, riƙon da ya yi mata shi ya sāke mata kama.

Ni a ganina dabarar Malam Abubakar ta Bahaushe ce tsantsa. Bai hau dandali ya yi shela ba, gama jaridar da ya ke wa aiki ta Gwamnati ce, kuma a Zariya ya ke zaune ƙarƙashin Sarki da Razdan. Sai ya tsallake su duka ya kai ƙara wurin wanda ya haifi tsarin, kamar yadda yaro in wansa ya matsa masa ya kan kai kuka wurin kaka. Ya san ba Razdan da zai iya cewa an yi rashin kunya don an gaya wa Lugga yadda a ke gudanar da koyarwar Lugga. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san marubucinta gwani ne wajen gaya wa mai mulki gaskiya ta hanyar da ba za ta sa a fille wa mai faɗi kai ba.

Shi kuma tsohon, sai a ba shi haƙƙinsa, bai yi fushi ya jefar da takarda ba. Ya saurara, ya ba da amsa, ya ɗauki maganar da nauyinta. Amma kada mu yi masa ƙarin da bai nema ba. Bai janye littafinsa ba, bai kuwa fito ya ce hanyar da ya shata kuskure ce ba. Mutum mai shekara 85 ba ya rushe ginin da ya yi rayuwarsa yana yi. Kuma akwai abin da ya sauƙaƙa masa sauraro, shi ne mai ƙarar bai ce a tumɓuke itacen ba, cewa ya yi a yi masa sassabe. Da Azikiwe ne ya rubuto, da wuya a ce zancen ya yi nisa haka. Har ila yau akwai sauƙi ga wanda ya sauka daga mulki ya ce magadansa ne suka ɓata abin da ya bari, ya fi masa daɗi bisa ga ya ce tun daga tushe aka sami tsaga.

Zumuncin bai daɗe ba. Ɗan Hausa ya rasu cikin Fabrairu 1945, Lugga ya bi shi ran 11 ga Afrilu, saura 'yan makonni yaƙi ya ƙare a Turai. A lokacin Sir Arthur Richards ya riga ya kama aikin Gwamna tun ƙarshen 1943, ya kuwa kawo sabon tsarin mulki wanda ya fara aiki a Janairu 1947, aka kafa wa Arewa majalisu biyu a Kaduna, ta sarakuna da ta wakilai. Ba wasiƙa kaɗai ta kawo wannan ba, kuma ba Malam Abubakar kaɗai ke wannan kuka ba. A shekarun nan ɗin dai Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suna faɗin abin da ya fi haka zafi a taron tattaunawa na Bauci. Amma abin da aka fara faɗi cikin ambulan, a ƙarshe an faɗe shi a fili. Cikin Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo batun a gyara mulkin En'e, aka yi ƙuri'a batun ya wuce da ƙyar. A 1952 aka soke dokar Sarki shi kaɗai, aka ce Sarki da majalisarsa, dokar En'e ta 1954 ta tabbatar da haka. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe littafin En'e ɗungum.

Takardun Lugga sun koma hannun Margery Perham, malamar jami'ar Oxford wadda ta shaƙu da shi a tsufansa. Da su ta rubuta tarihin rayuwarsa cikin juzu'i biyu, a 1956 da 1960, yanzu kuwa suna ajiye a ɗakin karatu na wannan jami'a. Na wajen Malam Abubakar kuma, labarin ganawar da wasiƙun sun fito cikin littafin tarihin rayuwarsa wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya shirya, aka buga a Zariya a 1989. Abin takaici, da Turanci littafin ya ke, har ya zama Bahaushen da ya tashi da labaran aku da Waziri ba lalle ya san marubucinsu ya taɓa yin wannan muhawara ba.

Shi kansa Alhaji Abubakar Imam ya daɗe bayan abokin wasiƙarsa. Ya bar jarida ya shiga majalisa, sa'an nan ya yi shekaru a Kaduna cikin hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa, yana zaɓen samarin da za su hau kujerun nan da ya ji tsoron za su kuɓuce. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa. A shekarun 1970, da ya manyanta, aka ɗora shi a kan hukumar sauraron koke-koken jama'a ta Jihar Arewa ta Tsakiya, watau sai ga shi shi ne tsohon da ke zaune bakin tebur a Kaduna, talakawa da ƙananan ma'aikata suna aiko masa da takardun ƙara, yana buɗewa yana ba da amsa. Ya rasu a 1981, yana da shekara 70, aka binne shi a Zariya. Allah ya jiƙansa.